Bazarar Turai, daminar Yola: watanni huɗu ana bin gasar tanis daga gaɓar Binuwai

Ranar Lahadi 8 ga Yunin 2025, kwana biyu bayan Babbar Sallah, ƙamshin suyar naman layya bai gama barin unguwannin Jimeta ba. Na je gida hutu daga Abuja kamar sauran ma'aikata, kuma bayan azahar na shiga Karewa don in gaida kawuna, wanda ya ajiye aikin gwamnati shekaru da dama da suka wuce. Na tarar da shi a falo tare da baƙi biyar, kowa ya zuba wa talabijin ido. Niyyata in gaisa, in sha ruwa, in wuce. Ban bar gidan ba sai bayan sallar isha'i.

Abin da ya riƙe ni shi ne wasan ƙarshe na gasar Roland Garros a birnin Paris, tsakanin Jannik Sinner na Italiya da Carlos Alcaraz na Sifaniya. Sinner ya ci turmi biyu na farko. A turmi na huɗu ya kai matsayin da maki ɗaya tak ya rage masa ya ɗauki kofi, har sau uku a jere. Mutum biyu a falon suka miƙe suka nufi buta, don magariba ta gabato kuma a ganinsu an gama. Kawu bai motsa ba. Ya ce musu su yi alwalarsu su dawo, domin a wannan wasa ba a busa tashi. Muddin ba a ci maki na ƙarshe ba, ba a gama ba. Alcaraz ya tsallake dukkan ukun, ya ci turmin, ya kuma ci na biyar. An shafe awa 5 da minti 29 ana fafatawa, wasan ƙarshe mafi tsawo a tarihin gasar.

A daren na fahimci cewa a Yola da Jimeta akwai wata ƙaramar jama'a da ba ta da ƙungiya, ba ta da ofis, amma tana da kalandarta da agogonta da gardandaminta. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, waɗannan mutane suna bin manyan 'yan tanis maza daga gari zuwa gari, suna kokawa da ɗaukewar wuta da hadari da barci.

Lokacin nasu daban, namu daban

Kafofin watsa labarai sun saba kiran wannan zango da "gasannin bazara", saboda lokacin zafi ne a Turai da Amurka. A Yola kuwa bazara ta riga ta wuce. Zafin da kan haura digiri 40 na watannin Maris da Afrilu ne. Lokacin da ake buɗe fili a Paris, ruwa ya sauka, manoman Girei da Fufore sun duƙufa ga shuka, kogin Binuwai ya fara tumbatsa. Saboda haka mai kallo a nan gasannin damina yake bi, kuma yanayin damina ne ke yanke hukuncin ko zai ga wasa ko ba zai gani ba.

Zangon yana da matakai uku, kowanne da irin ƙasarsa. Na farko shi ne Roland Garros, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, a kan jar ƙasa da ake yi da garin jan bulo. Wannan ƙasa tana rage wa ƙwallo gudu, tana kuma sa ta tashi sama, don haka musayar bugu kan yi tsawo, kuma mai juriya ne ke cin riba. A nan Rafael Nadal ya ɗauki kofi sau 14.

Na biyu shi ne ciyawa. Bayan 'yan gasannin share fage irin su Queen's a Landan da Halle a Jamus, sai Wimbledon, wadda aka fara tun 1877, ita ce mafi tsufa a duniya. Ana aske ciyawarta zuwa milimita 8, ƙwallo na zamewa ƙasa-ƙasa da sauri, kuma dole ɗan wasa ya sa fararen kaya. Roger Federer ya lashe ta sau 8.

Na uku shi ne daɓe, wato fili mai tauri da aka shafe da fenti na musamman. A watan Agusta ana yin manyan gasanni biyu, ɗaya a Kanada, ɗaya a Cincinnati, sannan a rufe da US Open a New York daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Cikin kusan mako goma sha biyar, ɗan wasa zai sauya takalmi da taku da dabara sau uku. Wannan sauyi ne ke riƙe masu kallo, domin gwanin wata ƙasa yakan zama ɗan koyo a wata.

Agogon Landan, agogon Jimeta

Ga ma'aikacin gwamnati, babbar tambaya ita ce ƙarfe nawa za a buga. A nan Wimbledon ta fi kowace gasa sauƙi, domin a watannin Yuni da Yuli agogon Landan da na Najeriya ɗaya ne. Wanda ya tashi daga sakatariya da ƙarfe huɗu, ya tari Keke Napep zuwa Bekaji ko Jambutu, zai tarar da manyan wasannin yamma ana tsakiyarsu. Akwai kuma dokar da ta hana buga wasa a Wimbledon bayan ƙarfe 11 na dare, don haka ba ta hana kowa barci. A 2025 an mayar da wasan ƙarshe na maza zuwa ƙarfe huɗu na yamma, daidai bayan la'asar.

Paris tana gabanmu da awa ɗaya, wannan ma da sauƙi. Matsalar tana Amurka. New York da Toronto da Cincinnati suna bayanmu da awa biyar, don haka wasan dare da ake farawa da ƙarfe bakwai a can, sha biyun dare ne a Yola. Masu bin gasar ba su manta da daren Laraba 7 ga Satumban 2022 ba, lokacin da Alcaraz da Sinner suka haɗu a matakin 'yan takwas na US Open. An kammala da ƙarfe 2:50 na dare agogon New York, wato 7:50 na safiyar Alhamis a Najeriya, saura minti goma a buɗe ofis. Wanda ya bi wannan wasa ya yi asuba a tsakiyarsa, ya yi wanka yana leƙen talabijin, ya isa wurin aiki da jajayen idanu.

Da yawa daga cikin masu kallo sun samo wa kansu mafita. Wasu kan kwanta da wuri su tashi kafin asuba su kama ƙarshen wasan dare. Wasu kan kashe sanarwar waya gaba ɗaya, su jira maimaici da yamma, suna roƙon abokai kada a faɗa musu sakamako. Tanis na da wata fa'ida da ƙwallon ƙafa ba ta da ita ga mai kiyaye lokutan salla: wasan maza a manyan gasanni yakan ɗauki awa uku ko fiye, saboda haka wanda ya fita minti goma sha biyar zuwa masallaci yakan dawo ya tarar da labarin bai kuɓuce masa ba.

Ƙidayar da ke korar baƙo

Abin da ya fi hana mutane shiga wannan kallo shi ne ƙidaya. Baƙo ya ji ana cewa sha biyar, talatin, arba'in, sai ya rasa inda aka dosa. Amma abin ba shi da wuya idan aka warware shi. Maki huɗu ke ba da gem ɗaya, ana kiransu 15, 30, 40, sai na cin gem. Idan aka yi 40 da 40, sai ɗaya ya ci maki biyu a jere. Wanda ya fara tara gem shida da ratar biyu ya ci babban zagaye, wanda na ari kalmar 'yan dambe nake kira turmi. Idan aka yi shida da shida, sai a yi raba-gardama zuwa maki bakwai, nan ma da ratar biyu. A manyan gasanni huɗu na duniya, maza na neman turmi uku cikin biyar.

Tun 2022 aka daidaita dokar turmin ƙarshe a dukkan gasannin huɗu: idan aka kai shida da shida, raba-gardama ce zuwa maki goma. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka jawo gyaran shi ne wasan John Isner da Nicolas Mahut a Wimbledon ta 2010, wanda ya ci kwana uku, awa 11 da minti 5, aka rufe turmi na biyar da 70 da 68.

Mutum 128 ke shiga kowace babbar gasa. Ana ware 32 mafi matsayi a baje su a jadawali don kada su ci karo da wuri. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya tafi gida, kuma sai an ci wasa bakwai a jere ake ɗaukar kofi.

Sai kuma jerin matsayi, wanda ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa maza ta ATP ke fitarwa tun 1973. Zakaran babbar gasa na samun maki 2,000, zakaran gasa irin ta Cincinnati 1,000. Sai dai makin ba ya zama na mutum har abada. Bayan mako 52 ana zare shi, sai ɗan wasa ya koma ya sake nema. Kawu ya taɓa yi mini zolaya da wannan. Ya ce da haka ake auna ƙarin girma a aikin gwamnati, a ce ƙoƙarin bara ya ƙare da bara, da an ga sauyi a ofisoshi da yawa. Dariya muka yi, amma maganar ta zauna mini.

Wuta, hadari da kuɗin wata

A Wimbledon, tun 2009 babban fili yake da rufi mai buɗewa da rufewa, don haka ruwan sama ya daina tsayar da wasa a cikinsa. A Jimeta kuwa, da zarar hadari ya haɗu daga gabas, hoton da ke zuwa ta tauraron ɗan adam yakan fara yayyagewa, sannan ya ɗauke ɗungurungum. Na taɓa zama a wani falo a Dougirei muna kallon allo shuɗi na kusan rabin awa, ɗaya daga cikinmu yana karanto mana maki daga wayarsa kamar mai fassara wa kurame huɗuba.

Wutar lantarki ita ce matsala ta biyu. A watan Afrilun 2024 ɓarayi sun lalata turakun babban layin da ya taso daga Jos zuwa Gombe, lamarin da ya jefa Yola da Jalingo da wasu biranen arewa maso gabas cikin ƙarancin wuta na makonni, a tsakiyar zafi. Wasan ƙwallon ƙafa minti casa'in ne, mai janareta ya san man da zai saya. Wasan tanis ba shi da ƙayyadadden lokaci, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, awa biyar na janareta ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne. Wannan ya sa gidajen da suka sa sola suka zama matattara. Sai ka ga darakta mai ritaya da malamin makaranta da ɗalibin jami'a a kan kujera ɗaya, abin da ya haɗa su shi ne batirin mai gida.

Gidajen kallo, waɗanda suka cika unguwanni irin su Doubeli da Nassarawo, kasuwarsu ƙwallon ƙafa ce. Gasannin Turai kan ƙare a Mayu su dawo a Agusta, don haka a ƙa'ida damina lokacin hutu ne da tanis zai iya samun gurbi. Amma mai gidan kallo ɗan kasuwa ne. Ba zai tayar da inji don mutum shida a wasan da bai san lokacin tashinsa ba. Ko a ranar da aka samu sarari ma, ƙwallon ƙafa kan biyo baya. Ranar 14 ga Yulin 2024 da Alcaraz ya doke Novak Djokovic a wasan ƙarshe na Wimbledon, da daddare Sifaniya ta doke Ingila a wasan ƙarshe na gasar Turai. Ranar 13 ga Yulin 2025 da Sinner ya rama a kan Alcaraz, ya zama ɗan Italiya na farko da ya ci Wimbledon, da ƙarfe takwas na dare Chelsea ta kara da PSG a wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyin duniya. Washegari a tashar mota da majalisun shayi, ba sai an faɗi wanne aka tattauna ba.

Akwai kuma ranakun da kallo ke zama abin kunya a ambata. A ƙarshen Yulin 2025, daidai lokacin da 'yan wasa ke komawa kan daɓe a Kanada, mamakon ruwa ya haddasa ambaliya a wasu unguwannin Yola ta Kudu, ciki har da Shagari da Yolde Pate, aka rasa rayuka, gidaje suka rushe. A wannan mako babu wanda ya tambayi wani sakamakon Toronto.

Wa ake goyon baya?

Masu kallo a Yola sun kasu gida biyu bisa shekaru. Manya sun tashi da Federer da Nadal da Djokovic, waɗanda suka tara manyan kofuna 20 da 22 da 24. Federer ya ajiye raket a 2022, Nadal a 2024. Djokovic ne ya rage, kuma a 2025, shekarar da ya cika shekara 38, ya kai wasan kusa da na ƙarshe a dukkan manyan gasanni huɗu. Dattawa suna kallonsa da irin idon da ake kallon tsohon ma'aikacin da ya ƙi yarda yara su ture shi.

Matasa kuwa sun rabu tsakanin Alcaraz, haifaffen 2003, da Sinner, haifaffen 2001. Daminar 2025 tasu ce su biyu: Paris ta Alcaraz, Landan ta Sinner, sannan ranar 7 ga Satumba Alcaraz ya ci New York ya karɓe matsayi na ɗaya a duniya. Masu son Alcaraz na yaba wayonsa da yadda yake sauke ƙwallo a gindin raga ba zato. Masu son Sinner na yaba natsuwarsa, ba ya fara'a ba ya fushi, bugunsa kamar an auna da ma'auni.

Amma akwai lokacin da falon kan haɗe baki ɗaya, wato idan ɗan asalin Afirka ya shiga fili. Frances Tiafoe yana buga wa Amurka, amma iyayensa 'yan Saliyo ne, kuma ya koyi wasa ne a wata cibiyar tanis a jihar Maryland inda mahaifinsa ke aikin kula da wurin. Ya doke Nadal a US Open ta 2022, ya kai wasan kusa da na ƙarshe a shekarar da kuma 2024. Félix Auger-Aliassime yana buga wa Kanada, mahaifinsa ɗan Togo ne, kuma ya kai wannan mataki a New York a 2025. Michael Mmoh yana buga wa Amurka, mahaifinsa Tony Mmoh ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, tare da Sadiq Abdullahi. Ana musu tafi da zuciya ɗaya, amma a ƙarƙashin tafin akwai tambayar da kowa ya sani: me ya sa sai ɗanmu ya tashi a wata ƙasa kafin a gan shi a nan?

Abin da ya taɓa yiwuwa

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A watan Fabrairun 1976, watan da Janar Murtala Muhammed ya sanar da ƙirƙiro jihar Gongola mai hedikwata a Yola, ya kuma sanar da mayar da babban birnin ƙasa Abuja, Legas na karɓar baƙuncin wata gasar ƙwararru ta duniya. Cikin baƙin akwai Arthur Ashe, wanda ke riƙe da kofin Wimbledon na 1975. An kashe Murtala ranar 13 ga watan. Bayan kwana uku, Ashe na tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe da Jeff Borowiak sai sojoji suka shigo fili da bindigogi suka kore su. Ba a ƙarasa wasan a Legas ba.

Shi wannan Ashe ne, a wata ziyara da ya kai Yawunde a 1971, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo, ya yi masa hanyar zuwa Faransa samun horo. Yaron shi ne Yannick Noah, ɗan wani ɗan ƙwallon ƙafa na Kamaru, wanda ya ɗauki kofin Roland Garros a 1983. Har yau babu wani namiji ɗan Faransa da ya sake ɗauka bayansa. Ga mutumin Adamawa, wanda kogi ɗaya da harshe ɗaya da zumunci suka haɗa da Garwa, labarin Noah labarin maƙwabci ne.

A daminar nan ta 1983, makonni kaɗan bayan nasarar Noah, wani ɗan Legas mai suna Nduka Odizor ya doke Guillermo Vilas na Ajantina a zagayen farko na Wimbledon, ya ci gaba har zagaye na huɗu, inda Chris Lewis ya tsayar da shi. A shekarar ya ɗauki kofi a Taipei, a 1984 ya kai matsayi na 52 a duniya. Odizor ya samu ci gaba ne ta hanyar karatu a Jami'ar Houston, amma a gida ya fara riƙe raket, a zamanin da Legas da Benin da Kaduna ke shirya gasannin da ke jawo baƙi daga ƙetare. Fiye da shekara arba'in ke nan, babu ɗan Najeriya da ya sake kaiwa inda ya kai.

Matakalar da ta rasa tsaka-tsaki

Dalilin ba ƙarancin baiwa ba ne. Tanis matakala ce, kuma hawanta da kuɗi ake yi. A ƙasa akwai ƙananan gasannin hukumar tanis ta duniya, inda ake tsintar maki kaɗan-kaɗan. A tsakiya akwai gasannin Challenger. A sama akwai gasannin ATP da manyan huɗu. Ɗan wasa shi ke biyan kuɗin jirginsa da masaukinsa da albashin mai horar da shi. A sama akwai arziki: wanda aka fitar a zagayen farko na Wimbledon ta 2025 ya tafi da fam 66,000, sama da naira miliyan 100, zakara kuma fam miliyan 3. A ƙasa kuwa, mutum na iya cin wasa biyu ko uku ya koma gida da bashi.

Ɗan Sifaniya ko Italiya zai iya tara makinsa na farko a gasannin da ake yi kusa da gida, ya je a jirgin ƙasa ya dawo. Ɗan Jimeta sai ya nemi biza da dala. A duk nahiyar Afirka, gasa ɗaya tak ke cikin babban jadawalin ATP, ita ce ta Marrakesh a Maroko. Wasu ƙasashe sun fara cike giɓin: Ruwanda ta fara shirya Challenger a Kigali a 2024, Kongo ta yi a Brazzaville, Kwaddebuwa ta bi sahu a Abidjan a 2025. A cikin gida muna da gasar Dala a Kano da gasar Babban Bankin Najeriya, waɗanda suka daɗe suna raya wasan, amma yaron da bai taɓa riƙe raket ba, ba zai je ko ɗaya ba.

A nan ne maganar ta dawo kan masu karanta wannan shafi. A Oktoban 2024 Gwamnatin Tarayya ta rushe ma'aikatar wasanni ta mayar da aikinta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa. Ko wane suna ofishin ke ɗauke da shi, takardar da ke zama kasafi wani ma'aikaci ne ke rubuta ta, wani hadimi ne ke sa ta a gaban mai gida. Filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa 10.97. Ko an haɗa da sararin gefe, bai kai kashi ɗaya cikin goma na filin ƙwallon ƙafa ba. Duk wanda ya yi makarantar kwana ta gwamnati ko ya zauna a tsofaffin rukunin gidajen ma'aikata a Arewa ya san irin filayen da nake nufi: daɓe ya tsage, ciyawa ta fito, turakun raga sun yi tsatsa, wani lokaci an mayar da wurin ma'ajiyar motoci. Gyaran irin wannan fili, da raga, da raket ashirin, da malami ɗaya mai albashi, bai kai kuɗin taron bita guda a otal ba. Akwai ma ƙwallaye marasa gudu da ake koya wa ƙananan yara da su a ɗan ƙaramin wuri, ko a farfajiyar makarantar firamare.

Yola gari ne na makarantu. Ga Jami'ar Modibbo Adama, ga Jami'ar Amurka ta Najeriya, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha. Idan gasar makarantu ɗaya ta tsaya da ƙafarta duk shekara a lokacin dogon hutu, wanda ya zo daidai da makonnin Cincinnati da New York, yaran da ke kallo da dare za su samu inda za su gwada da safe. Ba kowa ne zai zama Odizor ba. Amma tanis na buɗe ƙofar tallafin karatu a jami'o'in ƙetare, kamar yadda ta buɗe masa, tana samar da aikin horarwa da alƙalanci, kuma wasa ne da mutum kan yi har tsufa, abin da likitoci ke roƙon masu zaman ofis su samu.

A daren nan na Sallah, lokacin da Alcaraz ya zube a kan jar ƙasa, akwai jikan kawu ɗan shekara tara a zaune a ƙasa kusa da talabijin. Tun turmi na uku ya daina tambayar ma'anar arba'in, ya fara ƙirgawa da kansa. Washegari da safe, kafin in kama hanyar filin jirgi, na same shi a bayan gida da murfin tukunya a hannu, yana buga wata tsohuwar ƙwallo a jikin bango, ya ja layi da gawayi daidai tsayin ƙugunsa. Ya ce mini, Kawu, a ina ake buga na gaske a garin nan? Na ce masa zan bincika.